Makin da Ba a Zubar Ba

Shekara talatin Aslak Brekkhus yana alƙalancin tsallen tudu, kuma duk faɗin kwarinmu ba a taɓa samun wanda ya ce ya cuce shi ba. Masu cewa yana da maƙo wajen ba da maki kam ba su ƙirguwa, shi kuwa wannan zagin ya fi masa yabo daɗi. Dogo ne busasshe, magana sai ka yi kamar ka saya a wurinsa, irin dattawan nan namu da suka ɗauka murmushi ma wani reshe ne na cin hanci.

A wurinsa tsalle tarbiyya ne. Ka zamo daga ƙololuwa a kan dusar ƙanƙara, ka taka bakin tudu, ka tashi sama da dogayen katakan ƙafarka biyu a haɗe, har in an sa takarda a tsakaninsu ba za ta faɗo ba. In ka zo sauka, ƙafa ɗaya gaba, gwiwa a rusune, hannuwa a buɗe, kamar mai gaida surukai. Nisa kuwa, yakan ce ko buhun dankali aka wurgo daga can sama zai yi nisa.

Haka ya koya wa Olve, ɗan ƙanwarsa Torhild. Itace ya faɗa wa uban yaron a daji tun yana goye, Aslak kuma bai taɓa aure ba, sai ya zamana duk abin da yake da shi a duniya wannan yaron ne. Shi ya fara ɗaura masa katakai, shi ya yi ta tsayuwa a gindin ƙaramin tudun bayan coci yana ihu, "Haɗe ƙafa! Kai ba kwaɗo ba ne!" Olve ya girma ya zama abin kallo a sama, har aka sa shi cikin masu yi wa ƙasa tsalle. Sai wata rana iska ta juya shi, ya faɗi, gwiwar hagu ta farfashe.

Da ya warke, ƙarfin taka tudu ya ragu. A nan ne ya ji labarin wasu 'yan tsiraru a maƙwabta da suka fara buɗe gaban katakansu a sama kamar almakashi, su kwanta a tsakani, iska ta ɗauke su. Ya gwada. Ya wuce inda bai taɓa zuwa ba da lafiyayyar ƙafa.

Ranar da Aslak ya fara gani, sai da ya tofar da yawu.

"Wannan kuma mene ne? Hankaka ya sha giya?"

"Kawu, hankakan dai ya wuce kowa yau," in ji Olve, yana dariya yana kwance igiyar takalmi.

"Ya wuce. A muni ma ya wuce kowa."

"To ka rufe ido in na tashi, ka buɗe in na sauka. Saukar dai taka ce, ban taɓa ta ba."

Alƙalai ko'ina irin ra'ayin Aslak gare su. Olve yakan fi kowa nisa, su kuma su zaftare masa maki saboda buɗe ƙafa, ya ƙare a tsakiya. Ana cikin haka likita ya gaya masa gwiwar nan ba za ta ƙara ɗaukar wani hunturu ba bayan wannan. A wannan hunturun kuma gasar duniya ta zo ƙasarmu, kan babban tudun da ke saman babban birni, abin da yara da yawa ba su taɓa gani ba sai a bakin iyayensu. Aka zaɓi Olve cikin masu tsalle. Aka zaɓi Aslak ya zama alƙalin masu masauki. Ko Olve ya hau dandalin mutum ukun farko a wannan rana, ko kuma ya gama rayuwarsa ta tsalle hannu wofi.

Torhild ta tare yayanta a ɗakin girkinta, ta zuba masa kofi, ta tura masa burodi da cuku, sannan ta tsaya a kansa.

"Yaya, ka bar musu kujerar nan."

"An tambaye ni. Na ce musu idona bai san dangi ba."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ya ajiye kofin, ya buɗe mata yatsunsa biyar. "Ke ba ki san aikin ba. Mu biyar ne a hasumiya, kowa daga ƙasarsa, kowa a ɗakinsa, ba mai ganin hannun wani. Kowa ya ba da abin da ya gani cikin ashirin. Wanda ya fi yawa a zubar, wanda ya fi kaɗan a zubar." Ya lanƙwashe babban yatsa da ɗan ƙaramin. "Ukun tsakiya ake haɗawa da makin nisa. Ko na so in ɗaga shi ba zan iya ba, ko na so in kayar da shi ba zan iya ba."

"Kai ka san lissafi, ni na san ka," in ji ta. "Tun muna yara in an ba ka rabon alewa, kanka kake fara cuta don kada a ce. Yanzu kuma ba kanka ba ne, ɗana ne."

Maganar gaskiya, yana son kujerar. Shekara talatin yana daskarewa a ƙananan tuddai yana ba 'ya'yan manoma maki, ga shi yau duniya ta kira shi, a ce ya ce a'a? Ya shanye kofinsa ya yi godiya ya fita.

Ranar gasa gari ya waye garau, iska kaɗan, tana busowa daga ƙasa zuwa fuskar tudu, irin wadda masu tsalle ke roƙo. Mutane sun cika kwarin har kan duwatsu, kowa da tuta da butar kofi da lemo a aljihu, wasu sun hura wuta a cikin ƙanƙara suna gasa nama. Daga tagar ɗakinsa a hasumiya Aslak yana ganin tudun a gefe, tun daga bakin tashi har inda ake sauka. Gabansa akwai ɗan akwati mai maɓallai. Abin da ya danna shi zai fito a babban allo, ƙarƙashin tutar ƙasarsa, kowa ya gani.

Tsalle biyu kowa zai yi. A zagayen farko aiki ya tafi masa sumul, har aka kira sunan Olve, kwarin ya ɗauka da ihu. Ya zamo, ya taka, ya buɗe katakan nan, ya kwanta. Aslak ya ji haushin buɗewar kamar kullum, amma ya ga jikin bai motsa ba ko kaɗan, ya ga saukar da shi ya koya masa, ƙafa gaba, gwiwa ƙasa. Ya cire abin da doka ta ce a cire, ya danna sha bakwai.

Allo ya nuna. Nasa ne mafi yawa, shi kaɗai. Sauran sun tsaya a sha shida da ɗoriya, wani dattijo alƙalin Suwizalan, Imboden, ya ba da sha biyar da rabi. Aka ja layi a kan na Aslak, aka ja a kan na Imboden. A ƙasa mutane suka fashe da dariya da tafi, wani mai murya kamar ƙaho ya yi ihu, "Kawu ya yi! Jini ba ruwa ba ne!" Duk da haka Olve ya gama zagayen yana na uku.

A hutun rabin lokaci alƙalai suka taru a ɗan ɗakin da ke bayan hasumiya suna ɗumama hannu. Imboden, gajere mai jan hanci, wanda suka san juna da Aslak tun suna samari masu tsalle, ya zo ya dafa shi.

"Abokina, barka da arziki. Ashe hannun nan naka yana buɗewa? Shekara nawa ina jin ana cewa Brekkhus ko uwarsa ce ta yi tsalle ba zai ƙara mata rabi ba."

"Abin da na gani na bayar."

"Ai ba a ce ba ka gani ba. Ido ne, yakan yi laushi in ya hango na gida." Ya juya ga sauran. "Ku kun san a gidansa aka yi renon almakashin nan? Gobe in 'ya'yanmu suka fara tsalle kamar masu tsallaka kwata, mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa."

Suka yi dariya, ba da mugunta ba. Imboden ma ya manta da maganar kafin ya gama ɓare lemonsa. Aslak ne bai manta ba. Ya koma ɗakinsa kunnuwansa na zafi, kalmar nan "laushi" tana cin sa. Kuma a nan ne shaiɗanin lissafi ya zo masa, da kamannin hikima.

Sha bakwai ɗin da ya bayar, me ta amfana wa yaron? An zubar da ita. Ta ɓata masa suna a banza. To in dai nasa za a zubar, me zai hana a zubar da shi daga ƙasa? Imboden yana tsaye a sha biyar da rabi, tsoho ne, ba ya canja hali. In shi ya danna sha biyar, nasa ne mafi kaɗan, a ja masa layi, Olve bai rasa komai ba. Duniya kuma ta ga Aslak Brekkhus ya ba ɗan ƙanwarsa makin da ya fi na kowa ƙanƙanta. Ya juya lissafin ta kowace fuska bai ga ɓaraka ba, don bai so ya gani ba. Bai ko tsaya ya lura cewa in nasa ya faɗi ƙasa, na Imboden zai shigo cikin ukun tsakiya ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kallon tsalle kafin ya ba da maki, yau ya ba da maki tun mai tsallen yana can yana shafa wa katakansa kakin zuma.

A zagaye na biyu daga na baya ake farawa, manya su zo ƙarshe. Wani saurayi ɗan Finlan da ke na huɗu ya yi tsalle mai kyau ya hau kan gaba. Sai Olve, sai mutum biyu bayansa.

Ya zamo. Kwarin ya yi tsit har ana jin kukan katakan a kan ƙanƙara. Ya taka bakin tudu daidai inda ake takawa, ba gaba ba, ba baya ba. Ya buɗe fiye da yadda ya taɓa buɗewa, ya kwanta har haɓarsa ta kusa shiga tsakanin katakan, iska ta karɓe shi. Ya wuce tagar Aslak bai fara sauka ba. Ya wuce jan layin da kowa ke faɗuwa a kai, ya ci gaba, ya kai inda tudun ya fara kwanciya, inda mai hankali ke sauka da ƙafa biyu don ya tsira da ƙashinsa. Olve ya tura ƙafar dama gaba, ya rusuna a kan gwiwar nan ta hagu da aka ɗinke, ya buɗe hannuwa. Gwiwar ta riƙe.

Aslak bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ya san haka a take. A ransa ya ce sha bakwai da rabi, bayan an cire na buɗewa. Idonsa ya cika da ruwa. Yatsansa kuwa ya riga ya san inda aka aike shi, ya danna sha biyar.

Lambobi suka fito ɗaya bayan ɗaya. Sha bakwai. Sha bakwai. Sha shida da rabi. Sai ƙarƙashin tutar Suwizalan, sha huɗu da rabi. Buɗewar ta yi wa Imboden yawa, tsohon ya fusata ya ƙara zaftarewa. Sai ƙarƙashin tutarmu, sha biyar.

Aka ja layi a kan sha bakwai guda. Aka ja a kan sha huɗu da rabi. Sha biyar ɗin Aslak ta tsaya a allo, fes, ba layi a kanta.

Olve ya zo na biyu a lokacin, rabin maki a bayan ɗan Finlan. Ihun da ya fara tashi a kwarin ya mutu a hanya. Ba wanda ya yi zagi, mutanenmu ba su iya wannan ba, sun dai juyo da fuskokinsu gaba ɗaya zuwa hasumiya, dubbai.

Saura mutum biyu, kuma dole ya ba su maki. In ɗayansu ya faɗi, Olve ya sami lambar tagulla ta na uku. Aslak ya tsinci kansa yana roƙon Allah ya kayar da ɗan wani, shi da ya sha ɗaukar yara a kan katako zuwa motar asibiti. Na farko ya zo, ƙafa a haɗe, ya sauka lafiya. Na biyun ma haka, tsaf, irin tsallen da Aslak ya yi rayuwarsa yana koyarwa. Ya danna musu abin da suka cancanta. Olve ya zama na huɗu.

Imboden ya same shi a matakala, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na janye maganata, abokina. Kai namiji ne. Ni kaina da ɗana ne ba zan iya ba." Aslak ya ji kamar ya tura shi ƙasa. Ya sami abin da ya nema, ga shi an miƙa masa, kuma ko kare ba zai ci ba.

Ya ratsa taron, mutane na buɗa masa hanya ba mai kallon idonsa. A bakin ɗakunan katako inda masu tsalle ke ajiye kaya ya ga Torhild tsaye da tutarta a naɗe. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Sannu da aiki, Yaya," in ji ta, ta wuce.

Olve yana ciki shi kaɗai a kan benci, ya naɗe wandon, ya ɗora jakar ƙanƙara a kan gwiwar da ta kumbura kamar kabewa. Daga waje ana jin kiɗan taken ƙasar wanda ya yi nasara. Ya ɗago ya ga kawunsa, ya matsa masa wuri.

"Zauna, Kawu. Ka ga hankaka yau?"

Aslak ya zauna.

"Abokaina sun ce in zo in shaƙe ka," in ji Olve, yana ƙoƙarin dariya. "Na ce musu ba ku san shi ba. Na Imboden bai dame ni ba, wannan ko mala'ika ne ya buɗe ƙafa zai ba shi sha huɗu. Naka nake jira. Tun ina sama nake cewa, yau kam dole tsohon nan ya yarda." Ya gyara jakar ƙanƙarar. "Abu ɗaya zan tambaye ka, ba zan ƙara ba. A sama ji na yi kamar ban taɓa yin irinsa ba. Amma mai tsalle ba ya ganin kansa, kai ka koya mini. Kai ka gani. Da gaske sha biyar ne?"

Ga ƙofa a buɗe. Abin da ya rage kawai ya ce masa a'a, sha bakwai da rabi ne, ɗana, ban taɓa ganin kamarsa ba, na sayar da shi ne don wani tsoho ya yi mini ba'a yana ɓare lemo. Aslak ya dubi fuskar nan da ta yarda da shi tun tana tsawon gwiwarsa. Ya ga yadda za ta koma in ta ji. Ya ji tsoro, tsoro irin na ragwaye, kuma ya gaya wa kansa wai tausayi ne.

"Sha biyar ne," ya ce.

Olve ya gyaɗa kai a hankali.

"To shi ke nan. Da wani ne ya faɗa da na ce ƙarya ne." Ya ja numfashi. "Ashe duk shekarun nan kaina nake ruɗi. Na gode, Kawu. Gara da na ji daga bakinka."

Bai ƙara ɗaura katako ba. Da bazara ya tafi aikin haƙar mai a teku, yakan zo gida lokacin Kirsimeti, ya gaida kawunsa da ladabi, su yi maganar kifi da tsadar fetur. Ba a yi hunturu nawa ba duniya duka ta buɗe ƙafa, aka daina cire maki, waɗanda suka yi dariya suka koma koyar da abin. Ƙungiyar kwarinmu ta aika wa Olve ya zo ya koya wa matasa, tunda shi ya fara a nan. Torhild ce ta kawo wa yayanta amsar, tana tsaye a bakin ƙofa ba ta ko cire safar hannu ba.

"Ya ce su nemi wani. Ya ce shi nisa kawai ya iya, ko buhun dankali ma ya iya wannan. Wai mafi kyawun tsallen da ya taɓa yi a rayuwarsa, wanda ya fi kowa sanin tsalle ya gani da idonsa, kuma sha biyar ne."

Ta jira ko zai ce wani abu. Aslak yana zaune kusa da murhu, hannuwansa a kan gwiwa. Ya sunkuya ya ƙara itace a wuta. Torhild ta ja ƙofar ta tafi.